Ruwan da Na Ɗebo wa Mama Indiya

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da na tsaya a bakin kogin Ganga, na roƙi abin zuba ruwa, na fito hijabina jiƙe har gwiwa.

Lokacin ina sakandare, muna zaune a Fagge. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Indiya, mijinta ya rasu ya bar mata shagon yadi a Sabon Gari. Mama Indiya muke ce mata. Ni kunya ta yi mini yawa, ko gaisuwa ba a jin muryata, amma na fi kowa lura da ita: 'yar fitilar da take kunnawa da safe, da yadda ƙafafunta suke ta kumbura.

Da ta ji Baba zai kai Innata ƙasar Indiya aikin ido, kuma ni zan bi don jinya, sai ta sa aka kira ni. Ta riƙe hannuna, ta ce da karyayyar Hausarta, "'Yata, ni ba zan ƙara ganin gida ba. A wurinmu in mutum zai mutu, ana ɗiga masa ruwan Ganga a baki. Ki kawo mini ko kaɗan." Na ce to.

Bayan an gama aikin na dami Baba ya kai ni kogin. Ya ce, "Ke, garin ibadarsu ne fa. Me zai kai mu?" Inna daga kan gado, ido a naɗe, ta ce, "Alhaji, haƙƙin maƙwabci ne. Ai ba cewa aka yi ka sha ba."

Jirgin ƙasa muka hau, ni da Baba, zuwa Haridwar, wani gari a bakin kogin. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Kowa ba takalmi, ƙararrawa na kaɗawa, maza masu sabon aski suna nutso riƙe da sarƙa don kada ruwa ya ja su, mata na sakin furanni a kan ganye suna bin su da kallo.

Na buɗe jakata na ciro jarkar zamzam ɗin Inna da ruwanta ya ƙare. A tunanina na yarinya, ita ce mafi tsabtar abin da muke da shi. Baba na ganinta ya karɓe. "Subhanallahi! A jarkar zamzam? Ban da wannan." Yanzu na san yana da gaskiya, kowane ruwa da mazubinsa. Masu sayar da goruna kuwa suna can ƙetaren gada, cinkoso ya toshe hanya, ga lokacin jirginmu ya matso. Baba ya ce, "Mu tafi, Allah ya ga niyyarki."

Ni da ban taɓa ja da shi ba, na ji bakina ya ce, "Baba, ai ba niyya za a ɗiga mata ba."

Na sauka matakalar da ke gangarawa cikin kogin. Na tarar da wata dattijuwa da 'yar butar tagulla. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na nuna butar, na kwantar da kaina a tafin hannu kamar majinyaci, na ɗiga yatsa a baki. Ta dube ni, ta dubi hijabina, sannan ta miƙo mini da hannu biyu, ta yi mini alamar in tafi da ita. Na shiga ruwan, sanyinsa kamar ƙanƙara, na cika ta.

Na hauro na miƙa wa Baba. Shi da kansa ya toshe bakin butar da leda, ya ɗaure tamau, ya cusa a tsakiyar kayansa.

Da muka dawo Kano, Mama Indiya ta ɗora butar a goshinta ta daɗe ba ta sauke ba. Kafin shekara ta zagayo ta rasu. Ɗanta ya zo har zaurenmu ya ce an ɗiga mata.

Tun daga ranar na gane kunya adon mace ce, amma ba ta sauke alkawari. In ka ce wa mutum to, ko muryarka na rawa, sai ka sauka matakalar.