Ina Cikin Ruwan Kogo Aka Binne Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin rasuwar mahaifina, Malam Haruna, ya same ni ne ina tsaye da jiƙaƙƙen wando a bakin wani kogo a ƙasar Meziko. Tun safe wayata ke kashe a cikin jaka. Da na kunna, na tarar da kiran yayata Binta a jere, a ƙarshe kuma saƙo guda: “Aminu, Baba ya cika bayan Azahar. An kai shi. Ka yi haƙuri.” Na zauna a kan dutse na lissafa bambancin lokacinmu da na gida. Sai na gane cewa sa'ad da ake jera sahu a ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa, ni ina kwance rigingine a kan ruwa ina dariya.

Baba malamin labarin ƙasa ne, a makarantar sakandare ɗaya ya yi aiki har ya ajiye. In ban da aikin Hajji, bai taɓa tsallake iyakar Najeriya ba, amma yana ba da labarin ƙasashe kamar jiya ya dawo daga can. Ranar Asabar yakan ɗebi ɗalibai ya kai su kufan tsofaffin garuruwa wajen Zariya. Idan ya ga wani yana wasa da fasassun tukwane, ba ya tsawa. Sai ya karɓa ya mayar inda aka ɗauka, ya ce, “A hankali. A nan ma wata ta taɓa kiran ɗanta ya zo ya ci tuwo.”

Wata damina kogin Kaduna ya ci wata ɗalibarsa wajen Rafin Guza. Ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci. Bayan haka ya je wurin masunta, yana da shekara arba'in da ɗoriya, ya roƙe su su koya masa iyo. Mutane sun yi ta dariyar malami da furfura yana fafutuka a ruwa iya ƙugu, bai kula ba. Da ya iya, ya koya mana mu 'ya'yansa, har da matan, duk da surutun maƙwabta. Abin da yakan ce shi ne, tsoron ruwa bai taɓa fito da kowa daga ruwa ba.

A cikin wuraren da yake karantarwa babu wanda ya kama zuciyarsa kamar kufan mutanen Maya na ƙasar Meziko, wani gari mai ganuwa da suka gina a kan dutse a bakin teku, da kogunan ƙarƙashin ƙasa da suke ɗiban ruwa. Da ofishinmu ya tura ni taro kan harkar ruwan sha a ƙasar, murnarsa ta fi tawa. Ya sa na yi masa alkawari zan ƙara kwana biyu in je wurin, in kuma shiga ruwan da jikina.

Ranar da na je sallama na ga ya rame. Agogonsa yana zamewa har bayan hannu. Na tambaye shi, ya ce tsufa ne kawai, ya juya maganar zuwa kwale-kwalen fataken Maya. Na kalli Umma, mahaifiyarmu, ta sunkuyar da kai tana gyaran zanenta. Ya kamata in sake tambaya. Ban sake ba, domin ina son tafiyar, kuma ina tsoron amsar. Wannan gaskiya ce da ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Na ga wurin. Gine-ginen dutse ne masu gajerun ƙofofi, teku na dukan gindin dutsen da suke kai, manyan ƙadangaru irin guza suna shan hantsi a kan bango. Daga nan aka kai mu kogon. Muka sauka ta matakalar katako zuwa cikin ƙasa, sai ga tafki garai-garai, ana ganin ƙasansa, saiwoyin itatuwa sun sauko daga sama suna taɓa ruwan. Sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi. Na ɗauki bidiyo da kyamarar da na aro, ina ta cewa, “Baba, ga shi, ga ganuwar, ga ruwan.” Niyyata in haɗa su duka in tura masa da yamma.

Kwana uku na yi a hanya kafin in iso Kaduna. Na tarar an naɗe tabarmin zaman makoki. Umma ta kira ni ɗakinta ta gaya mini cewa wata biyu kafin tafiyata likita ya sanar da Baba yana da ciwon hanta, kuma ya yi nisa. Shi ya hana a faɗa mini. Ta ce maganarsa ita ce, “Idan ya ji ba zai tafi ba. Ni kuwa ina son a gidan nan a sami idon da ya ga wurin.” Na tambaye ta ko ya ambace ni a ranar. Ta ce da hantsi ya tambayi Binta sau biyu ko na turo wani abu.

Masu ta'aziyya suna cewa na cika masa burinsa. Na san suna nufin alheri, amma maganar ba ta shiga. Ɗansa namiji ni kaɗai ne. Wasu ne suka yi masa wanka, wasu suka ɗauki makararsa, wasu suka sa shi a kabari. Binta ce ta yi mini kwatancen kushewarsa, amma ban gane ta ba sai da mai gadin maƙabarta ya nuna mini. Bidiyon yana nan, ban buɗe ba, ban kuma iya gogewa ba. Ban san ko fushi nake da shi ko da kaina ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Haruna. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara a gare shi, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Ka ba Umma juriyar zama a gidan da babu shi, Ka saka wa Binta da ta riƙe hannunsa har ƙarshe. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka yafe mini tambayar da ban sake yi ba. Amin.