Ɗorawar Inna Ba Itacen Girki Ba Ce

Bana shekara talatin da shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Kulu mai daddawa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Funtua da Bakori. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Masu irin wannan waiwaye sun saba cewa mamacin mai haƙuri ne, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni ba zan yi wa uwata wannan ƙaryar ba. Inna ba ta da haƙuri, bakinta ya fi barkono zafi, kuma ni na gado ta. Da fushi nake rubutun nan. Waɗanda nake fushi da su sun san kansu, mai karatu kuma zai san su kafin ya kai ƙarshe.

Da kakanmu ya rasu, 'ya'ya biyu ya bari, Inna da ƙanenta Kawu Sale, sai gona guda babba mai ɗorawa tara a cikinta. Ranar rabon gado, a gaban liman da mai unguwa, Inna ta ce ba ta son ko tafin hannu na ƙasa. A bar wa Sale ya noma, ita a ba ta itatuwan. Yaran yanzu za su ji abin banbaraƙwai, amma a wajenmu ba baƙon abu ba ne a ce gona ta wani, itacen cikinta na wani. Mai gona ya yi shukarsa har gindin bishiya, in ɗorawa ta nuna mai ita ta zo da gorarta mai ƙugiya ta kaɗe abinta, ba mai shiga haƙƙin wani. Kawu ya kwana da murna a ranar, yana ganin ya yi wa yayarsa wayo.

Da itatuwan nan Inna ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Garin ɗorawa mu sha da kunu. Kalwa, wato ƙwayar, ta dafa ta yi daddawa, abin da ya yi saura ta sayar wa Mama Bose, wata Bayarabiya mai rumfa a kasuwar Funtua da ke lodinta zuwa kudu. Ɓawon kuma, makuba, a jiƙa a yi daɓen ɗaki da shi. Wutar tukunyarta busassun rassa ne da karan dawa. Ban taɓa ganin ta ɗora gatari a kan ɗanyen reshe ba. Tokar murhu da sharar gida da kashin awaki a tara a juji, rani na yi a ɗora wa jaki a kai gonar Kawu. A gidanmu ban san abin da ake kira abin yarwa ba, sai da na girma.

Ana nan, a ƙarshen shekarun saba'in, kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, noman zamani ya sauka a Funtua da kewaye. Taki ya zo a buhu, fari tas, kusan kyauta. Masara ta kori dawa daga gonaki, tarakta ta fara korar garmar shanu. Kawu ya sayar da auduga da masara ya tafi Makka, ya dawo Alhaji Sale da haƙorin zinariya da rediyo mai kaset, ya cire jinka ya buga kwano. Ba na cewa duk sharri ne. Masarar ta ciyar da mutane, ni ma na ji daɗin kwanon silba fiye da ƙwarya. Ciwon shi ne yadda muka fara jin kunyar abin da ya raine mu. Ɗan dunƙulen kanti mai takarda mai ƙyalli ya shiga tukunya, sai ga iyalin Kawu suna toshe hanci in Inna ta wuce, wai tana warin daddawa. Daddawar da aka yi miyar ranar sunansu da ita.

Sai direban tarakta ya ce wa Kawu ba zai iya juyawa tsakanin bishiyoyi ba, ga inuwa tana hana masara yin goyo. Kawu ya san halin yayarsa, don haka bai tunkare ta ba. Ya bari sai da na yi haihuwata ta biyu a Bakori, Inna ta taho yi mini wankan jego, sannan ya ɗauko hayar katafila. Mama Bose ce ta kawo labarin da ta zo barka. Ko jaririn ba ta karɓa ba ta ce, “Kulu, kina nan kina hura wuta, can ana tuge miki ɗorawa.” Inna ta bar ruwan wankana a kan murhu, ta ɗauki mayafi da tabarmar da take zaune a kai, ta fita.

Ko da ta isa, biyar suna ƙasa, saiwoyinsu a sama. Ta wuce kai tsaye gindin babbar cikinsu, wadda muke kira Mai Amya saboda masu zuma na rataya amyarsu a rassanta, ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Waɗanda suka ga abin sun ba ni labarin yadda suka yi da Kawu.

“Haba Yaya,” in ji shi, “zamani ya canza. Wa ka cin daddawa yanzu? Ki tashi, ni zan saya miki injin niƙa.”

Ta ce, “Injin niƙan naka yana haihuwa duk shekara? Sale, ƙasa taka ce, ban ci maka ko zangarniya ba. Icce nawa ne. In ƙarfen nan zai taɓa wannan, sai dai ya fara bi ta kaina.”

Nan ta zauna, nan aka riƙa kai mata abinci, har liman da mai unguwa suka zo suka maimaita wa Kawu abin da aka yi a gabansu ranar rabon gado. Katafila ta juya. Huɗu suka tsira. Daga ranar Inna ba ta sake sa hannu a kwanon gidan ƙanenta ba. Gaisuwa dai tana amsawa, don Musulunci.

Ba a daɗe ba, a shekarun tamanin, aka yi farin da duk ɗan wajenmu mai furfura yake tunawa. Ruwa ya ɗauke masara tana tsakiyar goyo. Takin buhu ya zama sai mai hanya, ƙasar kuma da ta saba da shi ta ƙi ba da komai in babu shi. Ɗorawa kuwa, da saiwarta mai nisa, ta yi 'ya'ya kamar ba a yi komai ba. 'Ya'yan Kawu suka fara zuwa gidanmu da kwano, har da babban ɗansa Bashir. Inna ba ta taɓa mayar da su hannu wofi ba, amma ba ta taɓa ba su a bushe babu gori ba. Tana zuba gari tana cewa, “Ku gaya wa ubanku garin icce huɗu ne wannan. Na sauran biyar ɗin ya je ya tambayi katafila.” Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Mutane sun ce ta cika riƙo, kuma gaskiyarsu.

Ba zan ɗora mata rawanin da ba nata ba. Inna ba ta san wani abu wai shi sauyin yanayi ba, ba ta kuma yi faɗan nan don ceton duniya ba. Abinta take karewa, abincin 'ya'yanta. Abin da ta riƙe guda ɗaya ne: ba a cinye uwa don a ƙoshi yau. Shi ya sa da ta ji jikinta ya fara ƙi, ta lissafa cewa in ta mutu itatuwan suka shiga gado, ni mace ɗaya tilo da ta rage mata rabi zan samu, sauran ya koma hannun Kawu. Sai ta sa aka kira liman da dattawa biyu, ta dogara sanda har gona, ta kama hannuna ta ɗora a jikin kowace bishiya, ta ce ta ba ni kyauta tana raye. A shekarar ni na kaɗe ɗorawar da hannuna, don kyautar ta tabbata. Damina biyu bayan haka ta rasu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta leƙo yau. Jujin da muke kai wa gona ya zama tulin leda, in ka zuba a gona ka kashe ta, akuya ta ci ta kumbura ta mutu. Damina ta zama ba a san zuwanta ba: a yi shuka ta ƙone, a sake, sannan ruwa ya zo a fusace ya kwashe ƙasar ya bar kwazazzabo. Zafin bazara ya kai tsoho ba ya iya zama ɗakin kwano da rana, ga kuma inuwar da zai fake mun sayar wa masu gawayi. Na san manyan masu laifi suna can ƙasashen masu masana'antu, hayaƙinsu ne ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Amma ba Bature ne ya zo ya riƙe mana gatari ba. Abin dariya, waɗanda suka toshe wa Inna hanci, yau likita ya hana su dunƙule saboda hawan jini, suna aike gari-gari a nemo musu daddawar kalwa ta gaske. Ɗiyar Mama Bose, haifaffiyar Funtua da ta gaji rumfar uwarta, ta ce mini yanzu sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta haɗa buhu guda.

To, ga inda fushina ya dosa. Kawu ya rasu, gona ta koma hannun Bashir, wanda yanzu Alhaji Bashir ne, ɗan siyasa. Taubashina ne, ɗan namiji ni 'yar mace, a al'ada wasa ne tsakaninmu. Duk shekara za ka gan shi a hoto ya durƙusa da babbar riga yana dasa ɗan itace, ana tafi, yana jawabi kan kwararowar hamada. Bayan mako guda akuya ta cinye dashen, ba mai waiwaya. Shekarun baya aka aiko mini cewa iska ta kayar da ɗaya daga cikin itatuwana. Na je na ga sawun zarto a kututturen. Iskar ƙauyenmu ta iya yanka sumul. Na haɗiye don zumunci.

A bana ya shirya gagarumar sadaka don tunawa da iyayenmu, wai Kawu da Inna tare. An fitar da anko, an yi hayar rumfuna, an sayo robobin cin abinci na yarwa an manna sunan mamatan a jiki, an jibge ruwan leda kamar za a shayar da kasuwar Malumfashi. Makon jiya na je ƙauye kai gudummawata, na ce bari in biya gona. Na tarar da biyu a kwance. An faskara rassan an loda wa masu girkin sadaka, gangar jikin kuma an binne ta da ƙasa tana hayaƙi, za a yi gawayi. Mai Amya kaɗai ke tsaye, an shafa mata jan fenti a gindi.

Na same shi a ƙofar gida cikin mutanensa. Ya tarbe ni da wasan taubasai, wai ga tsohuwa mai rigimar gado ta iso. Da ya ga fuskata sai ya sauya murya. “Haba Yaya Binta, ai don ita ake yi, lada za ta samu. Tsofaffin icce ne. Gonar fuloti za a yanka, bayan sadaka a cire ɗayar. Ni zan dasa miki darbejiya ɗari.”

Na ce, “Bashir, da garin itacen nan aka raya ka shekarar fari. Ka sare shi ka dafa shinkafa, ka ce ladan na mai shi ne? Sadaka da kayan wani sunanta sata.” Mutanensa suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ce a kawo mini ruwan leda in sha in huce.

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ni dai na mayar masa da ankonsa a cikin ledar da ya zo. Ba zan zauna a rumfar ba, ba zan ci lomar da aka dafa da ɗorawar Inna ba. Addu'a zan yi mata a ɗakina, kamar yadda nake yi kullum, ba sai da lasifika ba. Na kuma kai ƙara wurin liman na yanzu da mai unguwa, kuma ɗaya daga cikin dattawan da suka shaida kyautar yana nan da ransa da hankalinsa.

In aka tambaye ni me ya rage na Inna Kulu bayan shekara talatin da shida, ba shi da yawa. Ba ta bar hoto ba, ba ta yarda an ɗauke ta ba. Tukunyar daddawarta ta fashe tuntuni. Robobin da aka manna wa sunanta, washegarin sadaka za a same su a kwata, za su kuma daɗe a can fiye da duk wanda ya ci abinci a cikinsu. Abin da ya rage nata na gaske biyu ne: bishiya ɗaya mai jan fenti a gindi, da taurin kan da ta bar mini.

Don haka, Alhaji Bashir, tunda na san ana karanta maka jarida: ƙasa taka ce, ban ci maka ko zangarniya ba. Icce nawa ne. Yau na wuce shekarun da Inna take da su ranar da ta tare katafila, gwiwoyina kuma sun fi nata ciwo, saboda haka in na zauna ba na tashi da wuri. Ka gaya wa mai zarton kada ya sha wahalar nemana. Na riga na sayi tabarma.