Hancin Goggo da Mai Lasifika

Har yau idan ƙamshin kanumfari ya bugi hancina sai in ji raina ya ɓaci. Kada ka ɗauka kanumfarin ne ya yi mini laifi. Wani mutum yake tuna mini, mai tsohuwar mota da lasifika a kanta, wanda yakan tsaya bakin kasuwar Kabo lokacin ina yaro.

A gidanmu akwai goggona, ƙanwar babanmu. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma ba a kai amarya a unguwarmu ba a biyo ta wurinta ba. Ba ta awo da cokali. Sai ta sunsuna kasko ta ce a ƙara farcen turare, ko a rage sandal, kuma haka ɗin ne. Sai dai hancin nan shi ne ciwonta. Da damina ta kankama, bangon ɗaki ya jiƙe, sai ya toshe, goshinta ya yi nauyi, ta wuni tana numfashi ta baki. Kakarmu takan tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta lulluɓe ta da zane ta yi sirace. Ba ta taɓa cewa zai warkar ba. Cewa take zai sassauta, kuma yakan sassauta.

Shi kuwa mai lasifika bai san sassauci ba, warkewa kawai yake sayarwa. Garin magani ne a ƙullin leda, ja-ja, mai ƙamshin kanumfari, a shaƙa safe da yamma. A bakinsa wannan ƙulli ɗaya shi ne maganin toshewar hanci, da basir, da ciwon baya, da mantuwa. Kullum kuma sai wani ya fito daga cikin taro ya rantse cewa shekara da shekaru bai yi numfashi ba sai da ya shaƙa. Babanmu ya ce ya ga mai rantsuwar nan a kasuwar Getso, a can kuma basir ne ya kusa kashe shi.

Goggo ta ji wannan duka, amma ciwo ya gajiyar da ita, ga bukukuwan kaka sun matso. Ta aika aka kira shi ƙofar gida. Kakarmu ta fito zaure ta tambaye shi wace bishiya ce a ciki, saiwa ce ko ɓawo. Ya yi wata dariya ta raini ya ce, Inna, sirrin kakanni ne, ba a faɗa.

"To ni ma kakar wasu ce," in ji ta, "ban kuwa san shi ba."

Ta juya ta koma ciki. Goggo ta karɓi ƙullin.

Ranar farko ta yi ta atishawa har hawaye, hanci ya buɗe, ta ce ai Inna ba ta san komai ba. Da ya sake toshewa ta ƙara. Da jini ya fara fitowa aka gaya wa mai lasifika, ya ce dattin ne yake fita, a ninka. Irin mutanen nan ba sa rasa amsa: in ka ji sauƙi aikin magani ne, in ka ƙara rikicewa ma aikin magani ne.

Kafin a gama girbin dawa, wata uwar amarya ta dawo da turare ta ce ƙauri yake. Goggo ta kai kwalbar turaren kusa da hancinta, ta daɗe a haka, sannan ta ajiye ta a hankali. Babanmu ya kai ta asibiti a Gwarzo, aka tura su Kano. Likita ya ce da ma akwai tsiro a ciki wanda ake iya cirewa, amma abin da ta shaƙa ya ƙone wurin. Aka cire tsiron, numfashi ya dawo. Jin ƙamshi bai dawo ba. Motar ma ba ta sake dawowa ba.

Yanzu masu wannan sana'a sun shige cikin waya. Sun sa farar riga, ƙullin leda ya zama kwalba mai tambari, masu rantsuwa kuma rubutawa suke a ƙasan bidiyo. Har yau ba mai faɗin abin da ke ciki, ba kuma mai cewa ka je a duba ka. Ɗaya daga cikinsu jikan Goggo ne na cikinta.

Zuwana gida na ƙarshe na tarar da shi a zaure yana ɗaukar kansa a waya. Na wuce ciki, na iske Goggo zaune kusa da murhu, gefen zanenta yana ci da wuta, ita ba ta ji ƙauri ba. Ina kashe wutar da takalmina, muryarsa na shigowa daga zaure, yana gaya wa duniya cewa ganye ne zalla, ba ya cutarwa.