Tanimu da Man Shanun Sahabi

A bakin ruwan Shanga, inda kogin Kwara ke shimfiɗewa yana ƙyalli kamar faranti sabon wanki, nan Tanimu yake noman shinkafa tun yana saurayi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya har masu kwalekwale sai sun waiwayo. Gonar ta ubansa ce, kuma tare da gonar ya gaji Sahabi.

Sahabi makiyayi ne. Iyayensu suka ƙulla abin: idan an yanke shinkafa, shanun su Sahabi su shiga gona su ci abin da ya rage, su bar taki. Ranar kasuwa kuma ƙwaryar man shanu ta iso gidan Tanimu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciniki. Zumunci ne, kuma duk wanda ya mayar da ƙwarya da man a ciki ya yanke shi ke nan.

Tanimu kuwa bai taɓa mayarwa ba. Yakan malala man a kan tuwo har sai tuwon ya yi iyo, ga soyayyen kifi a gefe.

Wata rana yana sauke buhu daga jirgi, ƙirjinsa ya ɗaure. 'Ya'yansa suka kai shi wani babban asibiti can nesa. Likitoci suka ce kitse ne ya toshe hanyoyin jinin zuciyarsa. Suka ciro jijiya daga ƙafarsa, suka yi wa jinin sabuwar hanya. Kafin a sallame shi likita ya gaya masa gaskiya: sabuwar hanyar ma tana iya toshewa. Sai ya riƙa shan ƙwayar rage kitse kullum, ya koma gasasshen kifi da ganye, ya yi bankwana da man shanu.

Matarsa Barakatu ta riƙe wannan magana gam. Ba ta taɓa bari ƙwayar ta wuce shi ba. Matsalar ita ce ƙwaryar Sahabi, wadda ta ƙara girma tun da labari ya kai ruga cewa Tanimu ya rame. Barakatu sai ta karɓa da godiya, ta miƙa wa maƙwabciyarsu Grace ta kan katanga, a mayar da ƙwarya wankakkiya. Cikin 'yan watanni kumatun mijin Grace suka fara sheƙi, har ana yi masa barka a coci.

Ran nan da azahar Sahabi ya zo da kansa, sanda a kafaɗa, ƙwarya a hannu. Ya ƙare wa Tanimu kallo.

"Subhanalla! Mai nawa nike aiko ma, amma kana nan kamar sandar tuƙi. Ina kake kai shi?"

"Yana shiga, aboki. Jikin ne bai nuna ba."

"To yau gabana za ya shiga. Barakatu, kawo muna tuwo!"

Aka kawo tuwo. Sahabi ya ɗebo man da ludayi, ya ɗora. Man ya narke yana gangarowa, ƙamshinsa ya cika zaure. Tanimu ya haɗiyi miyau. Daga bayan labule Barakatu ta yi gyaran murya.

"Ci mana," in ji Sahabi. "Ko man gidanmu ya zama abin ƙyama?"

Tanimu ya ɗaga hannu, ya sauke. Sai ya ɗage rigarsa, ya nuna dogon tabon da ya ratsa ƙirjinsa, ya faɗi duk abin da likita ya ce, har da maganar katangar Grace.

Sahabi ya daɗe yana duban tabon.

"Wato shanuna suka yi maka wanga?"

"Bakina ya yi min. Shanunka ba su taɓa ɗura min ba."

"Kuma kun bar ni ina kiwon mijin Grace!" Ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Da ya natsa sai ya ce, "To in ba mai, mi zan kawo? Ba ni shigo da shanu gonarka hannu wofi. Ubana ba ya yahe min."

Barakatu ta leƙo, ta dubi Sahabi. "Baban Dudu, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Shi kuwa daga zaure sai masallaci."

"Tahiya?" Sahabi ya miƙe. "Ashe maganin na wurina! Gobe da sahe ka same ni bakin ruwa."

Yanzu duk wanda ya yi sammako zai ga garken Sahabi yana bin gaɓar ruwa, fararen shanu cikin hasken safiya, balbelu na tashi suna sauka. Can baya akwai wani manomi da sandar aro, yana tafe yana haki, yana ce wa saniya ta yi haƙuri ta matsa. Da farko iyakarsa gindin wata tsamiya. Yanzu har mashaya yake kaiwa, kuma da aka auna jininsa a Yauri aka ce kitsen ya sauka.

"Ɗaga ƙafa, Tanimu!" Sahabi kan yi masa kira daga gaba. "Maraƙin da aka haifa jiya ya wuce ka!"

"Shi ƙafa huɗu gare shi!" in ji Tanimu, ya ƙara sauri.