Katako Biyu a Ƙofar Gidan Ebisawa

Tun muna samari a nan Ibaraki ta ƙasar Japan, Ebisawa Katsuji abu ɗaya ya sa a gaba: ya ga cikin motarsa yana shafar ƙasa. Ni maƙwabcinsa ne, dankali nake nomawa, ban taɓa son mota ba, amma ni na tsufa ina riƙe masa jak.

Motar tsohuwa ce, fara, ya saye ta tun kafin ya yi aure. Ya rage mata tsawo har tafin hannu da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta, ya sa mata wili masu faɗi, tayoyin suka leƙo waje da madigadi kamar ƙafar da ta fi takalmi. In ta bi titi, tana da kyau, wannan ba zan yi ƙarya ba. Sai dai ba ta iya haura ɗan tudun da ke ƙofar gidansu. Don haka akwai katako biyu. Duk fita, duk dawowa, matarsa Tomie ce ke sauka ta shimfiɗa su, ya lallaɓa ya hau, ta kwashe. Ko ruwa ake, ko tana goye da yaro, haka aka yi ta yi.

"Wasu matan an kai su birni yawon buɗe ido," in ji ta, "ni an ɗauke ni aikin gada."

"Ke dai gyara na hagun, ya karkace," haka yake amsawa.

Ga kuma wahalar duba lafiyar mota da hukuma ke yi duk shekara biyu. Motar da ta kwanta haka ba ta wucewa. Sai mu ɗaga ta, mu mayar da sifirin na asali da siraran tayoyi, a kai ta a duba, a dawo, mu sake kwance komai mu kwantar da ita. Da muna da ƙarfi, wasa ne. Yanzu in na durƙusa, sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe. Wallahi na gaji da motar nan fiye da yadda na gaji da gonata.

Bana ma an duba ta, ta wuce. Washegari da hantsi ya leƙo ta kan shinge.

"Nemoto, zo mu sauke ta. Kunya nake ji, tsaye take kamar motar asibiti."

"Kai ba ka tsufa ne? Gwiwar taka fa?"

"Gwiwa ba ita ke tuƙi ba."

Na je ina mita. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi yana nishi, ni ina miƙa masa sifana. Mun kwance notin taya ɗaya ke nan sai ga Tomie ta fito daga bayan gida tana jan katakan, don ta san in an gama za a fita gwaji. Da can ɗauka take a hammata. Yanzu ja take, ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya ta shimfiɗa na farko, sai ta tsaya a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana laluben bango. Ta daɗe a haka kafin ta miƙe, ta koma janyo na biyu.

Daga inda Katsuji yake kwance, ƙafafunta kawai yake gani, tana jan su da ƙyar. Na ji sifana ta daina motsi.

"Nemoto."

"Na'am."

"Mayar da notin nan. Ɗaure shi sosai."

Ban tambaye shi dalili ba. Na yi shekaru ina fatan jin wannan maganar, amma da na ji ta sai tausayinsa ya kama ni.

Ran Lahadi ya kai motar inda tsofaffin abokansa ke taruwa da motocinsu a bakin teku. Da suka ga yadda ta miƙe sama, suka yi masa ca.

"Kai, Katsu, tsani za mu kawo maka?"

"Ambaliya aka ce za a yi a unguwarku?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya sha shayinsa na gwangwani, ya dawo da wuri. Tayoyin masu faɗi ya wanke su ya jera a gareji, ya rufa musu tsohon bargo. Bai sayar ba, bai kuma ƙara zancensu ba.

Yanzu motar tana haura tudun nan ba tare da komai ba. Amma ina ganinsu daga gona in sun dawo daga kasuwa. Yana isowa ƙofar sai ya taka birki a daidai wurin nan, Tomie kuma ta kai hannu za ta buɗe ƙofar motar ta sauka, kamar yadda ta saba. Sai su ɗan dakata, injin yana aiki, kafin ya saki birki su shige.