Ɗorawar Umma a Cikin Waya

Mutanen birni wurin shaƙatawa suke ce masa. Mu Waya muke cewa, don waya ce farkon abin da muka gani lokacin da wata gidauniya ta sayi gonakin bakin rafi ta zagaye. Har da gonarmu. Da na gama sakandare suka ɗauke ni aiki: in buɗe ƙofa, in zaga da baƙi, in hana yara tsinkar ganye, in tsince ledoji bayan an watse. Asabar da Lahadi motocin Kano ke cika bakin ƙofa. Mutum ya taso tun daga birni don ya zauna a gindin bishiya ya ci shinkafar da ya dafo a gida. Ban taɓa gane wannan ba, ban kuma tambaya ba.

Umma ta rasu bayan girbi. Da aka share makoki na koma aiki. Ban yi kuka ba, mata suka yi ta yaba mini dauriya. Ba dauriya ba ce. Ban ji komai ba ne, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Da bazara ta shigo, Inna, wadda ta haifi Umma, ta tare ni a tsakar gida ta ce ɗorawa ta nuna. Na san wadda take nufi. A wurinmu gona daban, bishiya daban. Baba ya sayar da ƙasarsa, amma ɗorawar da ke tsakiya ta Umma ce, gado ta ci, ba a sa ta a ciniki ba. Duk shekara takan shiga da gora ta kaɗe, mai gadi ya kau da kai. Inna ta ce yanzu tawa ce, kuma in ta wuce bana ba a kaɗa ba, baɗi ba wanda zai ce tana da mai ita.

Sai dai an kawo sabuwar shugaba, wata Hajiya daga birni, kuma ta kafa doka: ba a cire komai a cikin Waya. Ni ce ma ke faɗa wa baƙi dokar.

Na same ta a rumfa. Ban iya kwana-kwana ba, na ce, "Hajiya, ɗorawar nan ta tsakiya ta mahaifiyata ce."

Ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa. Ta yi wa Umma addu'a, ta ce ta gane, ita ma mahaifinta yana da wata bishiya da yake son zama a gindinta. Za ta sa a yi ƙaramin allo a kafa a jiki, irin wanda ake yi wa masu taimakon gidauniya, kowa ya zo ya karanta.

"Yaya sunanta?"

Tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, balle a kafe shi da ƙusa baƙi suna karantawa.

"Hajiya, ba son ta take ba. Tata ce. Kalwa nake so, daddawa za mu yi."

Ta saki hannuna a hankali. Ta ce a saninta duk abin da ke cikin shingen na gidauniya ne, kuma in ta bar ni, gobe mai kuka zai zo, jibi mai tsamiya. Na ce za su zo kuwa, tunda nasu ne. Ta ce sai ta ji ta bakin kwamiti.

Amsar da ta dawo ita ce a kaɗa, amma ranar Asabar, a gaban 'yan makarantar da za su zo ziyara, don su ga al'ada. Na kai wa Inna ina jiran faɗa. Ta ce ko a tsakiyar kasuwa ne, a kaɗa.

A ranar, Inna ta shigo da gorar Umma mai ƙugiya a kai. Hannunta bai iya ɗaga ta ba, na karɓa. Yara sun yi layi, malaminsu yana bayani da Turanci yana ɗaukar hoto.

"Malam, matsa baya," in ji Inna. "Ɗorawa ba ta san ɗan boko ba."

Aka yi dariya. Ta ɓare musu suka lasa, bakunansu suka yi rawaya. A jikin gorar akwai inda ya yi baƙi ya yi santsi, ƙasa da inda na riƙe, don Umma gajeriya ce. Na sauke hannuna zuwa wurin. Na jira in ji wani abu. Wuyana ne kawai ya gaji. Na ci gaba da fizgowa har buhu ya cika, suka tafa mini.

A bakin ƙofa Hajiya ta ce na baɗi kuma sai abin da kwamiti ya ce. Inna ba ta ko waiwaya ba. Ta ce da ni, "Bana dai an kaɗa, kuma a gaban shaidu."

Da aka ɗora kalwa a wuta, warin ya cika gida kamar kowace shekara. Ina zaune kusa da murhu maƙwabciyarmu, mai tsamiyar bakin rafi, ta yi sallama. Ba ta zauna ba. Ta ce in tambayar mata Hajiya wace Asabar ce tata.