Ranar da Saniya Ta Yi Lilo a Dajin Kusasu

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da kakana ya ciro saniya daga rami da ilimin da ya koyo a bakin teku. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai in ga kamar jiya aka yi.

Kakan nawa na wajen uwa ne. Yana saurayi ya tafi aikin hajji a ƙasa, ta Sudan. Da aka gama hajji guzuri ya ƙare, sai ya bi wasu mutanen Yaman zuwa Adan, tashar jiragen ruwan da Turawan Ingila ke riƙe da ita a lokacin, ya yi shekara huɗu yana dako. Ya dawo Birnin Gwari da akwatin ƙarfe guda da labarai buhu-buhu. Kullum da la'asar a ƙofar gida sai ya ɗauko: jiragen da girma ya hana su matsowa gaɓa, sai dai a kai musu kaya a manyan kwale-kwale, gahawa da fatu da gishiri na fita, yadi da kwal na shigowa, Larabawa da Somalawa da Indiyawa kowa na ihu da yarensa. Duk wannan muna haɗiyewa. Inda muke raba gari da shi, in ya ce da idonsa ya ga shanu, har da raƙuma, suna lilo a sama ana sauke su daga jirgi.

Ni kuwa jika ne, bakina ba linzami. Nakan ce, "Tsoho, ƙara gishiri, ai can arha yake." Shi kuma ya ce, "Me zan gaya wa wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garin nan ba?" A yi dariya a watse.

Lokacin ina tuƙa a-kori-kura, ina jigilar masara daga Kusasu, kuma ana shiga daji ba fargaba. Wata rana a ƙarshen damina tsohon ya maƙale sai ya bi ni ya gaida abokinsa. Muna dawowa da hantsi sai wani Bafulatani ya tsaya a tsakiyar hanya yana ɗaga sanda. Na san shi, matarsa ke kawo wa mahaifiyata nono. Ya ce, "Direba, ka taimake ni don Allah. Saniyata ta faɗa rami."

Tsohon ramin masu haƙar zinare ne, ciyawa ta rufe bakinsa, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. Saniyar na ƙasa, laka ta kama ƙafafunta, tana huci. Cuta ta share wa mutumin garke a shekarar da ta gabata, ita kaɗai ce macen da ta rage, ga ta da tsohon ciki. In ta tafi, kiwo ya ƙare a gidansa. Labari ya riga mu isa, don mun tarar da mutane sun fi ashirin, har da mahaucin ƙauyen zaune a kan dutse yana wasa wuƙa. Bini-bini sai ya leƙa ya ce, "A bari in sauka in yanka tun tana da rai, kada ta zama mushe."

Ni da rawar kai na ce a ba ni wuri. Na sa aka ɗaura igiya a ƙahonta, na ɗaure ɗaya bakin a bayan mota, na tada inji. Sai na ji an buga murfin motar da sanda. Kakana ne, fuska ba wasa, irin wadda ban taɓa gani ba.

"Kashe motar nan. Wuyanta za ka karya, ka sauƙaƙa wa mahauci aiki."

Na ce, "To, Tsoho, fuka-fuki za ka yi mata?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce a saro masa itatuwa uku masu kauri, a ɗaure kawunansu, a kafa su a kan ramin kamar murhu. Ya sa aka kwance ƙafar babur ɗin wani, aka cire taya aka bar ƙarfen, aka rataye shi a sama, igiya ta bi ta cikin kwarinsa. Sannan ya nuna tamfol ɗin da nake rufe masara. Ya ninka shi da hannunsa, ya yi wa kusurwoyin wani ƙulli da har yau ban iya ba, ya ce wa mai saniyar, "Kai za ka sauka, muryarka ta sani. Ka fara rufe mata ido da rigarka, dabbar da ba ta ga ƙasa ba ba ta fizga. Tamfol ta ƙirji da ta gaban ƙafafun baya, kada ka matse cikin."

Mai saniyar ya ce, "To, Baffa," ya sauka.

Muka jeru a igiya mu goma sha wani abu. Tsohon da ke tafiya da ƙyar ya miƙe tsaye sak, ya riƙa ba da murya da wani Larabci mai kauri. In ya kira mu ja, in ya yi shiru mu riƙe. Ja na huɗu laka ta saki. Itatuwan sai ƙara suke. Can sai ga kai a naɗe da riga, sai ga tozo, sai ga saniya gaba ɗayanta a sama, ƙafafu huɗu na reto, tana juyawa a hankali. Wallahi saura kaɗan in saki igiyar don dariya da kunya. Aka zura itatuwa a bakin ramin, aka sauke ta, aka jawo ta gefe. Ta yi ɗan jim, ta miƙe, ta kai baki ciyawa kamar ba ita ba.

Mai saniyar ya durƙusa ya kama hannun kakana yana hawaye. Mahauci ya mayar da wuƙa kube ya ce, "Alhaji, ka hana mu cin nama." Kakana ya ce, "In ta haihu ka zo a ba ka fura."

Muka koma mota muka hau titi. Sannan na ce, "Tsoho, wa ya koya maka ƙullin nan?" Ya ce wani Basomale ne shugaban 'yan dakonsu, wanda ya raba tabarma da shi ranar da ya isa Adan bai san kowa ba. Sai ya ƙara da cewa, "Shekara hamsin ina ba da labarin nan, kai ne na farko da ya tambaye ni yadda ake yi."

Saniyar ta haifi maraƙa mace bayan wata guda, yau garken mutumin ya dawo. Kakana kuwa damina biyu ya ƙara a duniya. A cikinsu na zauna na yi ta tambaya, amma abin da na samu bai kai rabin wanda na ɓarar da dariya ba. Tun daga ranar, in tsoho ya fara ba da labarin da ya fi ƙarfin hankalina, nakan haɗiye tsokanata, in matsa kusa in ce masa, "Baba, yaya aka yi?"